Leda Mai Jan Ƙyalle

Malama Graciete, abu biyu nake roƙonki. Na farko, ki ɗauki biro ki rubuta abin da zan faɗa yadda ya fito daga bakina, kar ki gyara, kar ki ƙara masa gishiri. In na yi wauta ki bar wautar a inda take. Na biyu, gobe Juma'a da safe ki raka ni tashar binciken gona da ke cikin gari, ni da wannan takardar da wata leda da ke cikin firizar gidanmu. Ni kaɗai ba zan iya shiga wurin ba. Kuma dole sai gobe, domin ran Litinin za su buɗe famfon tankin giya na bakwai, in suka buɗe kuwa shi ke nan, ba a tsince ruwa daga cikin ruwa. Takardar ki yi ta biyu, ɗaya ta tashar, ɗaya ta yayar marigayiya Injiniya. Ta'aziyya ce, amma ban san yadda masu karatu suke yin ta ba. Zan dai yi magana da ita kamar tana zaune a kujerar nan.

Injiniya Ermelinda, da ke nake. Ni ce Cidália, matar Telmo, uwar Iria.

Ran Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, ina shanya a bayan gida na ji ƙararrawar coci ta buga biyu ta yi shiru, ta sake buga biyu. Na ce mace ce, ko wace tsohuwar ce ta tafi. Ban kawo ki a raina ba, tunda ke ba 'yar ƙauyen nan ba ce, a gari kike kwana. Sai mai motar burodi ya tsaya a ƙofarmu, bai danna odarsa ba kamar yadda ya saba, ya ce da ni, "Injiniya ce. Zuciya ce. Yayarta ta same ta da safe a kujera, takalmin gona ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu." Fada, limamin cocinmu, shi ya sa aka buga miki ƙararrawa, ya ce shekara uku kina taka dutsen nan, kin zama tamu. Shekararki sittin da huɗu. Yau Alhamis aka kai ki. Na je, amma a can baya na tsaya, wajen famfon masu ban ruwan furanni.

Takalmin nan ne ya hana ni sukuni. Na san inda za ki je da shi.

Bari in fara daga farko, don waɗanda za su karanta ba su san ni ba. Ni ban yi makaranta ba. Iyayena masu bin girbi ne, mu tsinki ceri a nan, inabi a can, zaitun a wani wuri, duk makarantar da aka sa ni kafin in riƙe sunan malamar mun ɗaura kaya. Na iya rubuta sunana, shi ma in ba a kallona. Na zo nan tsinkar inabi ina 'yar shekara sha tara, Telmo ya gan ni, muka yi aure, na zauna a gidan mahaifiyarsa, Dona Alzira. Shi yanzu yana Faransa yana aikin gini, sai Kirsimeti da watan Agusta muke ganinsa. Mama nake ce mata. Gidan nata ne, gonar ma tata ce, ita ce ta can ƙololuwa, hawa na ƙarshe kafin dajin turare. Matakala ɗari da tamanin daga titi.

Da kika fara zuwa da farar motar gwamnati, ana yi miki dariya, kin sani ai. A shagon kofi suna cewa gwamnati ta rasa abin yi, ta aiko mace ta riƙa sansanar inabi. Kika shiga shagon da kanki, kika ce a ba ki kofi, kika juyo kika ce, "To wa ke da hanci a cikinku? Aiki nake ɗauka, amma ban da masu shan taba, wato ban da ku duka." Aka yi dariya, daga ranar aka daina yi da ke a bayan ido. Kika yi mana bayani a zauren ƙungiyar manoma cewa wuta ta zama ta kowace shekara, kuma ba wanda ya san iyakar ɓarnar da hayaƙi ke yi wa inabin da bai ƙone ba, shi ne aka turo ki ki auna, gona-gona, shekara-shekara, don a daina yi wa manomi hukunci da ka.

Kina neman mai tsinko miki inabin gwaji, ni kuma ina neman abin da zai fitar da ni daga gida. Ranar farko kika miƙo mini takarda mai lambobi da sunayen gonaki, kika ce in bi ta. Na karɓa, na riƙe, na ce to. Na riƙe ta kai a ƙasa ashe. Kin gani. Ba ki ce komai ba, ba ki ma yi irin murmushin nan na tausayi da ya fi zagi ciwo ba. Kika karɓe takardar kika ce, "Kai, rubutuna kamar kaza ta yi tonon ƙasa, ni ma ba na gane shi. Gobe za mu canza dabara." Washegari kika zo da ƙyallaye kala-kala, kin yanka su da almakashi. Kowace gona da kalarta, ki ɗaura ɗaya a turken farkon layi, ɗaya a bakin leda. Shuɗi na Aníbal shugaban ƙungiya, kore na gonar bakin kogi, fari na wata gwauruwa, ruwan ɗorawa na Fada. Ja na Mama. Sai daga baya Injiniya Baltazar, abokin aikinki, ya gaya mini duk tashar sun koma aiki da ƙyalle saboda ke kin ce ya fi sauƙi, ba ki taɓa gaya musu dalili ba.

Kika koya mini tsinka. Gungu talatin a kowace gona, daga gefen rana da gefen inuwa, daga sama da ƙasa, daga farkon layi da ƙarshensa. Kika ce, "Kar ki zaɓo mini kyawawa, Cidália, ba kasuwa za mu kai ba. Ki rufe ido ki miƙa hannu. Kowace leda shaida ce, in shaida ta yi ƙarya alƙali ya ɓata." Wannan maganar na riƙe ta sarai. Ban manta ba ranar da na yi abin da na yi, kar wani ya ce mantuwa ce.

Da rana mukan zauna a inuwar motarki, ki fito da burodi da cuku da wuƙar aljihunki, ki raba biyu daidai, ki ba ni in zaɓa. Ba ki taɓa tambayata me ya sa nake yin shiru in an ambaci Mama ba. Kin dai taɓa cewa, "Surukarki dutse ce, amma dutsen nan ne ya riƙe katangar gonar shekara arba'in. Ki yi haƙuri da ita, amma kar ki zama ƙasar da take takawa."

Sai wutar bana. Washegarin idin Maryamu na watan Agusta ce, Telmo ya koma da kwana biyu. Da tsakar rana ta ɓullo ta bayan dajin turare, rana ta koma ja kamar garwashi, toka tana sauka a kan shanya. Wutar ba ta shigo gonaki ba, 'yan kwana-kwana sun tare ta a hanyar dutse, amma hayaƙin ya zauna a kanmu kwana shida. A rana ta biyu ƙirjin Iria ya kama. Shekararta huɗu, tana da asma tun tana goye. Na ba ta abin shaƙarta bai yi ba, leɓenta ya fara canza kala, na kira motar asibiti aka ce an rufe titin ƙasa sai dai mu jira. Na fito titi da ita a kafaɗa ina ihu kamar mahaukaciya. Ke kuma kina can kina duba injinan auna iska da kika kafa, alhali an ce kowa ya sauka. Kika zo wucewa da motarki kika tsaya, ba ki tambayi komai ba, kika buɗe ƙofa. Kika jiƙa rigarki ta sama da ruwan shanki kika ce in rufe mata fuska. Ta tsohuwar hanyar jakuna kika bi da mu, wadda ko Telmo ba ya bi da mota. Ɗan sanda ya tare mu a gada, kika leƙo kika ce, "Ɗana, ko ka matsa ko ka hau baya, zaɓi ɗaya." Ya matsa. Duk hanya kina yi wa Iria hira, wai hayaƙi tsoho ne mai ƙaton ciki da ya ɓata hanyar gidansa. Likita ya ce da mun ƙara rabin awa da wani zance ake yi.

Malama, kin rubuta wannan? Ki ja masa layi a ƙasa. Ina so a san wadda na yi wa abin da na yi.

Da hayaƙi ya tafi, duk ƙauyen nan aka fito da tiyo da bokitai ana wanke inabi a jikin kurangarsa. Ni ma na yi, ni da Mama, kwana biyu muna jidar ruwa a matakalar nan har bayana ya riƙe. Kika zo kika same mu, kika riƙe ƙugu kika ce, "Dona Alzira, wanka kuke yi musu? Ku ƙara da sabulu da turare mana, gobe a kai su coci." Mama ta ce, "Injiniya, ni na girme ki a gonar nan, toka ce, kuma ta fita." Kika zauna a kan katanga kika yi mana bayani a hankali. Kika ce hayaƙi ba ƙura ba ne da zai tsaya a fata. Shiga yake ta fatar ya je ya manne da zaƙin da ke ciki, ya yi lamo. Ka ci inabin ka ji shi garau. Sai an matse, ya tsumu, ya zama giya, sannan ya fara sakin jiki, wani ma sai ya yi watanni a kwalba, wani sai ya shiga bakin mutum ya haɗu da yawu. Shi ya sa ido ba ya gani, wanki ba ya fitarwa, sai gwaji. Mama ta tsinki ɗaya ta tauna ta ce, "Ni dai zaƙi na ji." Kika ce, "Ni ma haka nake fata."

Ƙungiya ta yanke cewa duk gonar da gwajinki ya nuna hayaƙi, ba za a haɗa giyarta da ta gari ba, sai dai a kai ta inda ake dafa barasa, wadda kusan kyauta ce. Mama ta dawo daga taron ba ta ci abinci ba.

Ran da na je tsinko na gonarmu, ranar Laraba ce da safe, na yi shi yadda kika koya mini. Gungu talatin, na rufe ido na miƙa hannu. Na ɗaure da jan ƙyalle. Ina saukowa na tarar da Mama a bakin ƙofa tana ɓarar wake. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ke yarinya, kin tsinko wa uwar ɗakin taki?" Na ce eh, Mama. Ta ce, "To madalla. In aka ƙi inabin nan, ni na gaji, sayar da wurin zan yi in koma wajen 'yata a Porto. Ɗaki ɗaya ne da ita. Ke da mai tarin naki sai ku nemi inda ake girbi, ai kin san hanya." Ba da faɗa ta faɗa ba. Da da faɗa ne da ban ji tsoro haka ba.

Na shiga ɗaki na dubi Iria tana barci da abin shaƙarta a hannu. Na tuna rumfunan leda da na taso a ciki, da sanyin watan zaitun, da ƙanena da ya mutu da tari a irin wannan rumfar. Ba uzuri nake kawowa ba, Injiniya. Ina gaya miki abin da ya tsaya mini a ido ne.

Na ɗauki wata leda na zaga ta bayan dutse zuwa gonar bakin kogi, mai koren ƙyalle, wadda na ji kin ce iska ta kare ta. Irin inabinmu ne, baƙi ƙanana. Na tsinki talatin. Na yanka jan ƙyallen gida biyu na ɗaura rabi a kanta. Ita na kai miki. Kika karɓa kika ce, "Sannu 'yata, matakalar nan ba wasa ba," kika ba ni lemo mai sanyi daga kularki. Na sha.

Ta gaskiyar kuwa na kasa zubarwa. Na je bakin garken alade da ita na dawo. Na je bakin kogi na dawo. Ƙarshe na tura ta can ƙasan firiza, ƙarƙashin nama da ledojin wake, don na ga haka kike ajiye naki a tasha.

Bayan kwana goma sha biyu kika kira ɗanɗano a zauren ƙungiya. Kin matse kowace leda a ɗan bokitinta, ta tsumu, kin zuba a kwalabe, kowace da ƙyallenta a ɓoye a ƙasa. Mu takwas ne masu ɗanɗanawa, a kurɓa, a juya a baki, a tofar, a jira. Ke kika ce duk cikinmu ba mai harshena, har kina tsokanar Aníbal, "Shugaba, shekara talatin kana shan giya, yarinyar da ba ta sha ta fi ka ji." Ya ce, "Ai shi ya sa, Injiniya, nawa harshen ya yi ritaya." Na gonakin sama duka, in ka tofar ka jira kaɗan, sai ka ji kamar ka lashi murhun da aka kashe da ruwa. Na gwauruwa haka, na Fada haka, na maƙwabcinmu da katanga ɗaya ta raba mu haka. Aka zo kan wata kwalba, na kurɓa, na tofar, na jira. Ba komai. Garau. Kika ɗaga ta kika duba ƙasa, ja.

Zauren ya ɗauki hayaniya. Aníbal ya ce Dona Alzira tana da waliyyi a sama. Mama ta ce wankin da aka yi wa dariya ne. Ke ba ki yi dariya ba. Kika dube ni, ba da fushi ba, kika ce, "Abin mamaki, ko, Cidália?" Na ce eh, Injiniya. Kika ce, "Gonar da ta fi kowace kusa da wuta." Na ce ikon Allah ne. Kika ce, "Haka ne. Shi ma yakan bar dalili, bari mu nema."

Nan ne ya kamata in buɗe baki. Na dubi ƙasa.

Kafin a sake wani gwajin, sai girbi ya zo, an tsinke komai, an kai. Inabin Mama aka matse shi shi kaɗai a ƙaramin tanki, na bakwai, domin kin ce wa Aníbal kar a haɗa shi da na gari sai kin sa hannu. Ya ce, "Injiniya, takardarki ce ta ce lafiya lau." Kika ce, "Takardata ce, hannuna ne kuma bai sa ba tukuna." Ya ce ya kurɓa bai ji komai ba. Kika ce sabuwar giya mai ƙarfi takan rufe ɗanɗanon hayaƙi, a bari ta kwanta, ke za ki aika a auna.

Daga nan kika fara hawa. Sau huɗu na gan ki da idona, wataƙila ya fi. Matakala ɗari da tamanin, kina tsayawa kowace ashirin kina dafe katanga. Kina auna tsayin katangar, kina duba ta inda iska ke bi, kina ɗibar ƙasa da ganye a leda. Injiniya Baltazar ya ce kin ce in har da gaske akwai abin da ya kare gonar nan, to dole a gano shi, domin zai ceci gonakin mutane da yawa, in kuma babu, dole a san babu. Ni ina tagar kicin ina kallonki kina neman abin da na san ba ya nan. Ko ruwa ban kai miki ba, don kar mu haɗa ido.

Hawanki na ƙarshe ran Juma'ar da ta wuce ne. Da kika sauko kika zauna a dakalinmu, fuskarki ta yi fari, kina numfashi da baki. Iria ta fito ta miƙa miki abin shaƙarta ta ce ki ɗan ja. Kika yi dariya har da hawaye. Sannan kika ciro sabon jan ƙyalle daga aljihu kika ajiye a gwiwata. Kika ce, "Wancan na ga ya gajarce. Riƙe wannan. Akwai gurbi a firizata, ban sa komai a ciki ba. Ba sauri nake ba, 'yata, kuma ni ba 'yar sanda ba ce." Kika tashi kika ce za ki dawo ran Talata.

Kin sani ke nan. Tun ranar da na miƙa miki leda da rabin ƙyalle wataƙila kin sani. Kina iya faɗa a zaure gaban kowa, kalma ɗaya ta isa, da yanzu ba na garin nan. Ba ki faɗa ba. Kika riƙe hannunki, kika riƙe tankin, kika ci gaba da hawa don ki tabbatar ba zaluntata za ki yi da zato ba, kina jira in zo da ƙafata. Na ce a raina ran Talata zan faɗa. Na rantse na ce haka. Amma na faɗi haka ran Juma'ar da ta gabace ta ma.

Ban ce ni na kashe ki ba. Yayarki Dona Otília ta ce ciwon ya daɗe, likita ya hana ki hawa tun bara kika ƙi ji. Amma na san matakalar da kika hau a banza, na san adadinsu, kuma na san wa ya sa.

Yau a maƙabarta Dona Otília ta ratso mutane ta zo har inda na ɓuya. Ta ce, "Ke ce Cidália mai harshe? Kullum sai ta yi zancenki. Ta ce in ta yi ritaya ke za ta zaunar ta koya wa karatu, ko kina so ko ba kya so." Ta rungume ni. Na tsaya kamar turke. A nan kuma na ji Aníbal yana gaya wa wani cewa tunda Injiniya ta tafi ba ta bar wata magana a rubuce ba, takarda kuma ta ce lafiya, ran Litinin za a juye na bakwai cikin babban tanki a huta. Babban tankin nan giyar gida arba'in da ɗaya ce a ciki, ta mutanen da hayaƙi ya bari. Gumin shekararsu ke nan. In ta Mama ta shiga, ba yanzu za a ji ba, sai an sa a kwalba an kai wa masu saye, sannan tokar ta taso. Sunan garin zai ɓaci, a kuma ce Injiniya Ermelinda ce ta auna ta ce lafiya. Kina kwance ba ki da bakin kare kanki.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Ban san me ake yi wa wanda ya yi wa aikin gwamnati ƙarya ba. Ban sani ba ko kotu ce, ko tara ce, ko za su ce uwar da ta yi haka ba ta isa riƙon yarinya mai ciwo ba. Malama ta ce ba a ƙwace ɗa don inabi, amma Malama ba ta taso inda na taso ba, ni na ga an ƙwace don abin da bai kai wannan ba. Ban san da wane ido zan shiga shagon burodi ba. Abin da na sani, ledar tana nan, gungu talatin, na rufe ido na miƙa hannu, ba ta taɓa narkewa ba. Na kwance rabin ƙyallen na ɗaura mata sabon da kika ba ni. Injiniya Baltazar, in kai ne kake karanta wannan, ka auna ta, ka kuma kira Aníbal kafin Litinin. Ka goge abin da aka rubuta a kan gonar ja. Kuskuren ba nata ba ne, aikinta ba shi da tabo, nawa ne.

Injiniya, Allah ya jiƙan ki. Allah ya ba ki hutawa ta har abada, haskensa marar gushewa ya haskaka miki. Yadda kika rufa mini asiri ranar takarda, kika sake rufa mini ranar kwalba, Allah ya rufa miki naki. Yadda kika buɗe wa 'yata ƙofar mota ba tambaya, a buɗe miki ƙofa ba tambaya. Uwa Maryamu ta karɓe ki, ta kai ki inda ba hayaƙi, ba matakala. In ana yafewa daga can, ki yafe mini. In ba a yi, na ji, haƙƙina ne.

Dona Otília, ina yi miki ta'aziyya, ke da 'ya'yanki da duk danginku. Allah ya ba ku haƙuri, ya cike muku gurbin da ta bari, ko da yake ban ga mai cike shi ba. Rungumar da kika yi mini yau ba ki san wa kika runguma ba. Yanzu kin sani. In kina so ki karɓe ta, ba zan ce komai ba. Mutanen tasha, ku ma Allah ya ba ku haƙuri, ku riƙe aikinta kar ya mutu, wuta za ta dawo baɗi.

Malama, saura kaɗan, kar ki ajiye biron. Ki rubuta cewa ba a ɓoye na zo nan ba. Da muka dawo daga jana'iza na gaya wa Mama, a kicin, a tsaye, ban cire baƙar rigata ba. Na zaci za ta nuna mini ƙofa. Sai ta tashi ta buɗe firiza, ta ɗaga nama, ta kai hannu daidai wurin ba ta lalube ba. Ta ce, "Wata biyu ina ɗaga ledar nan ina ɗibar wake. Kina tsammani makauniya ce ni?" Ta mayar ta rufe. Ta ce, "Ni ma ta taga nake kallon Injiniya tana hawa." Sannan ta sauko da kula daga kan kabad ta wanke, ta zuba ruwa a robobi ta sa su yi ƙanƙara saboda gobe. Zancen Porto ba ta ce an fasa ba, ba ta ce ana nan ba.

Na kira Telmo na gaya masa, ya ce zai kira, har yanzu bai kira ba. Na gaya wa Fada a bakin coci, ba a ɗakin ikirari ba, don kar ya zama sirri. Na gaya wa Iria, ta tambaye ni ko Injiniya za ta yi fushi, na ce ban sani ba. Yanzu na gaya wa Malama Graciete.

Ke ce ya kamata ki fara ji, Injiniya. A wajenki kaɗai na makara.